Kaftin Ncorere, hafsan da ya ƙi fita daga sahun hafsoshi





Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Dogon Dutsi a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai, ya san tsohon sojan Faransa ko da guda. Ran bikin gwamnati akan gan shi ya fito da tsohon kakinsa, da jar dara, da lambobi jere a ƙirji, ya ƙame a gefen fili kamar an dasa shi. Yara na kwaikwayon faransancinsa, manya na raɗa cewa yaƙi ya taɓa masa kai, ranar karɓar fansho kuma masu binsa bashi na jiransa a ƙofar baitulmali. Kaɗan ne suka taɓa shimfiɗa tabarma kusa da shi suka tambaye shi abin da idonsa ya gani. Yau kusan dukansu sun kwanta dama, sun tafi da labarinsu.

Jawabin yau zai tsaya a kan mutum ɗaya daga cikin waccan runduna. Sunansa Charles N'Tchoréré, wanda a bakin Bahaushe sai a ce Ncorere. Ɗan Gabon ne, bai taɓa zama ɗan Nijar ba, amma kakin da ya sa shi ne kakin da kakanninku suka sa, makarantar da ya shugabanta kuwa ta horar da mutum biyu da suka mulki ƙasar nan. An kashe shi ran 7 ga Yuni 1940 a wani ƙaramin gari na arewacin Faransa, bayan ya riga ya ajiye makami, saboda magana ɗaya da ya faɗa ya ƙi janyewa. Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce: mutumin da ya sa kakin wanda ya mallake shi, ya yi girma a ciki, ya mutu a ciki, da wace tiya za a auna shi?

Asalinsa da kakin da ya sa

An haifi Ncorere ran 15 ga Nuwamba 1896 a Libarbil, bakin teku, cikin ƙabilar Mpongwe, mutanen da suka daɗe suna ciniki da jiragen Turawa. Ya yi lakwal a hannun ƴan mishan, ya fita da faransanci mai kyau, sannan neman abinci ya kai shi Kamaru, wadda a lokacin tana hannun Jamus, inda ya yi aiki a gidan ciniki. Yaƙin duniya na farko, wanda ya ɓarke a 1914, shi ya komo da shi gida. A 1916, yana da shekara 19 zuwa 20, ya kai kansa aka rubuta shi soja.

Rundunar da ya shiga ita ce ta tirayar, wadda Gwamna Faidherbe ya kafa a Sanagal a 1857. Sunan Sanagal ya bi ta har ƙarshe, ko da yake a cikinta akwai Bambara, da Mosi, da Sara na Cadi, da Zabarmawa, da Hausawa. A yaƙin farko Faransa ta kwashi kusan mutum 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da ke hannunta, wajen 30,000 ba su komo ba. A 1918 kaɗai, Blaise Diagne, ɗan majalisar Faransa mai wakiltar Sanagal, ya zagaya Afirka ta Yamma ya tara mutum kimanin 63,000. Daga 1919 kuma aka mai da aikin soja na shekara 3 ya zama dole ko babu yaƙi. Kumandan ya aika wa sarki adadi, sarki ya raba wa hakimai da masu gari, su kuma galibi ɗan talaka da ɗan bawa suke miƙawa. Dattawan kan iyaka sun san gidaje nawa suka ɗaure kaya da dare suka ƙetara ƙasar Ingilishi, gudun lanho, da aikin dole, da kamun soja.

Ba a wanke wannan kaki a gaban mutanen ƙasar nan, domin sun san shi tun farkon zuwansa. Tirayar ne suka riƙe bindigogin Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da aka faɗa wa Lugu ta Sarauniya, aka ƙone Birnin Ƙonni. Su ne kuma a watan Yuli na shekarar suka juya bindiga suka kashe hafsoshin nan biyu a wajen Maijirgi. Da su aka shiga Damagaram, da su aka karya Kawusan a Agadas a 1917. Faransa ta ci Afirka da hannun ƴan Afirka. Wanda zai yi maganar Ncorere da gaskiya, dole ya fara aza wannan a faifai.

Hawan gala

Ya gama yaƙin farko yana saje, a 1919 ya zama ajidan. Aka tura shi Maroko, daga nan ya shiga makarantar hafsoshi ta Fréjus a kudancin Faransa, ya fito shi ne na ɗaya a ajinsu. Sai dai takardar naɗinsa na farko tana ɗauke da wata kalma da ma'aikatan da suka yi zamani da Turawa suka sani sarai, wato ɗan ƙasa, wanda a bakin masu mulkin mallaka ma'anarta talakan da aka ci da yaƙi. Hafsan da aka naɗa a kan wannan ƙa'ida ba ya wuce kaftin, in kuma galarsa ta zo ɗaya da ta Bafaranshe, Bafaranshen ke ba da umurni. Aiki ɗaya, harsashi ɗaya, amma awo biyu.

Bayan Fréjus aka kai shi Siriya, wadda Faransa ta karɓa bayan rushewar daular Turkawa. Can mutanen ƙasa suka tayar a 1925 ƙarƙashin Sultan al-Atrash, har sojan Faransa suka yi wa Dimashƙa ruwan igwa a watan Oktoba. A Siriya ne aka yi wa Ncorere mummunan rauni a muƙamuƙi, aka ba shi lambar yaƙi. Wannan ma sai a faɗe shi yadda yake: jinin da ya fara zubarwa, ya zubar da shi ne wajen danne mutanen da ke neman abin da Afirka ta nema daga baya.

Ya ɗan yi aiki a ma'aikatar yaƙi a Faris, amma ya roƙi a mai da shi Afirka. Aka ba shi Kati, kusa da Bamako, inda ya riƙe sojoji ya kuma kula da makarantar yara masu koyon kanikanci na soja. A 1930 aka ba shi lambar girma ta Légion d'honneur. A 1933 ya zama kaftin, mai gala uku, a zamanin da hafsoshi baƙar fata ba su taka kara sun karya ba a cikin dubban tirayar. Aka aika shi San Luwi ta Sanagal, ya shugabanci makarantar ƴaƴan soja da aka buɗe a 1923. Daga kurtu zuwa kaftin, shekara 17 ya yi yana hawa, ba ɗan sarki ba, ba mai uwa a gindin murhu ba.

Kwana uku a Airaines

Da aka shelanta yaƙin duniya na biyu a Satumba 1939, Ncorere na da shekara 42, da tsohon rauni, da kujera mai daraja nesa da wuta. Ya nemi a tura shi fagen daga tare da bataliyar ƴan Gabon da suka ba da kansu. Aka sauke su a barikin Souge kusa da Bordo, daga baya aka ba shi kampani, wato rukunin soja da kaftin ke jagoranta, a rajimanti ta 53 ta sojan mulkin mallaka. Rajimantin gauraye ce, baƙi da farare. Ke nan a ƙarƙashin wannan Bagabone akwai samarin Faransa da ke sara masa suna karɓar umurninsa.

Jamus ta kai farmaki ran 10 ga Mayu 1940. Cikin mako uku ta raba rundunar abokan ƙawance biyu, Ingilishi suka kwashe sojojinsu ta Dunkerque suka haye teku. Janar Weygand, wanda aka damƙa wa abin da ya rage, ya ja layi a bakin kogin Somme. Da yake ba shi da isassun mutanen da za su tsare layin baki ɗaya, sai ya yi umurni a mai da kowane ƙauye bushiya: sojoji su shige gidaje, su kafa bindigogi ta kowace fuska, su tsaya ko da abokan gaba sun wuce sun bar su a baya. Bataliyar Kumandan Seymour aka ba garin Airaines, mai nisan kilomita 30 yamma da Amiens, kampanin Ncorere na riƙe da wasu gidaje a bakin garin.

Ran 5 ga Yuni da asuba Jamusawa suka ƙetare Somme, cikinsu har da rundunar tankokin Janar Rommel. Suka taɓa Airaines suka ji ƙaya, sai suka kewaye ta suka wuce, suka bar jiragen sama da igwa suna ragargaza ta. Garin ya kama wuta. Kwana biyu ana kai hari ana mai da shi. Da abin ya ƙi, ragowar bataliyar ta nemi hanyar fita ta kudu, aka bar Ncorere da mutanensa su tsare baya. Kowane soja ya san ma'anar wannan aiki: wasu za su tsira ne da ran waɗanda suka tsaya. Ran 7 ga Yuni, harsashi ya ƙare. Bisa labarin da ya tabbata a tarihin rajimantin, mutum 15 suka rage a tsaye, 10 baƙi, 5 farare. Kaftin ya ga ci gaba da faɗa ba makami asarar rayukansu ce kawai, ya fito da su suka miƙa wuya.

Jamusawa suka shiga rarrabe fursunoni, farare gefe guda, baƙi gefe guda. Aka nuna wa Ncorere wajen baƙi. Ya ƙi. Ya ce shi hafsa ne na rundunar Faransa, wurinsa yana tare da hafsoshi, kuma akwai dokar yaƙi da ta tanadi haka. Aka harbe shi a ƙeya nan take. Waɗanda suka ba da labarin sun ce an bi ta kan gawarsa da tanka. Yana da shekara 43.

Kashegari, ran 8 ga Yuni, a Remiencourt, cikin wannan jiha ta Somme, aka kashe ɗansa Jean-Baptiste, wanda kofur ne a wata rajimanti. Uba da ɗa, kwana ɗaya tsakani.

Dokar da ya kira

Maganar da ya yi ba girman kai ba ce, tana da tushe a rubuce. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 kan fursunonin yaƙi ta ce a kula da hafsa gwargwadon galarsa, ta kuma ƙayyade dalilan da za a iya bambanta fursuna da fursuna: muƙami, da lafiya, da sana'a, da kasancewa namiji ko mace. Launin fata ba ya ciki. Jamus ta sa hannu, ta kuma tabbatar da yarjejeniyar a 1934, Hitler na kan mulki. Abin da Ncorere ya yi shi ne ya tuna wa mai bindiga alkawarin da ƙasarsa ta ɗauka.

Ƙiyayyar da ta kashe shi kuwa an daɗe ana dafa ta. Bayan yaƙin farko, Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin Rhin na Jamus, ƴan siyasa da jaridun Jamus suka yi ta yayata cewa an wulaƙanta su da aka sa baƙar fata ya tsare Bature, suka yi ta ƙirƙira musu laifi. A 1937 gwamnatin Nazi ta sa aka yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin nan suka haifa da matan Jamus aikin hana haihuwa. A ƙarshen Mayu 1940 ma'aikatar farfaganda ta Goebbels ta sake hura wutar. Saboda haka abin da ya faru a Airaines ya faru a wurare da dama: a Hangest, da Erquinvillers, inda aka kashe Kaftin Moïse Bébel ɗan Gwadalup, da dajin Eraine, inda aka harbe hafsoshi farare da suka tsaya wa sojojinsu baƙi, da Chasselay kusa da Lyon ran 19 da 20 ga Yuni. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa tirayar 1,500 zuwa 3,000 aka kashe bayan sun ajiye makami a waɗannan makonni. A Chartres, ran 17 ga Yuni, Jamusawa suka matsa wa gwamnan jihar, Jean Moulin, ya sa hannu a takardar da ke ɗora wa tirayar kisan mata da yara. Ya ƙi, aka yi masa dukan kawo wuƙa, har ya yanka maƙogwaronsa da fasasshen gilashi don kada azaba ta sa ya sa hannu. Ya rayu daga wannan, sai a 1943 ya mutu a hannunsu. Wannan ma a rubuta shi a littafin Faransa, ɓangaren alheri.

Faris ta faɗi ran 14 ga Yuni, aka sa hannu a takardar tsagaita wuta ran 22. Ran 26 ga Agusta, Gwamna Félix Éboué na Cadi, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle. A Nuwamba, wata biyar bayan mutuwar Ncorere, Faransawan de Gaulle da Faransawan Vichy suka gwabza da juna a Libarbil, garin haihuwarsa. Nijar kuwa ta zauna a hannun Vichy har ƙarshen 1942.

Bashin da ya biyo baya

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai a ce mugu Bajamushe ne kaɗai. Amma awo biyu bai mutu da Hitler ba. A kakar 1944, bayan tirayar sun sauka Provence sun kori Jamusawa daga Tulon da Marsai, aka janye dubbansu daga fagen daga aka ba samarin Faransa kakinsu da makamansu. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, tsofaffin fursunonin yaƙi da suka komo gida suka nemi a biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Rahoton hukuma ya ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton ya ce 70, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, wani shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya kira abin kisan kiyashi a rubuce.

Sannan ga fansho. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke shirin samun mulkin kai, na Bafaranshe na ƙaruwa da tsadar rayuwa, na ɗan Afirka na tsaye inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, shi kuwa ya rasu tun 1996. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai ran 1 ga Janairu 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin suna kabari. Tsohon nan mai jar dara da masu bashi ke jira a ƙofar baitulmali, wannan doka ce ta tsayar da shi a wurin.

Sunan Ncorere dai bai ɓace ba. Gabon ta buga hotonsa a kan tambarin gidan waya a 1962, akwai dutsen tunawa da shi a Airaines da wani a Libarbil, makarantar soja ta San Luwi kuma da sunansa ake kiranta. Ta cikinta Seyni Kunce ya bi, bayan Kati, haka ma Ali Saibu, haka Mathieu Kérékou na Benin. Ɗaliban makarantar hafsoshi ta Fréjus na 1957 zuwa 1959 sun raɗa wa ajinsu sunansa, a 1957 ɗin ne kuma Kunce ya shiga makarantar. Ran 15 ga Afrilu 1974 Kunce ya karɓi mulki, Ali Saibu ya gaje shi a 1987 ya riƙe har 1993. Ashe shekara 19 na tarihin Nijar sun fito daga ajin da kaftin ɗin nan ya taɓa tsayawa gaban allonsa, ko da yake ya rasu kafin su zo.

Da wace tiya

Jama'a, a koma ga tambayar farko. Mai cewa Ncorere bawan Nasara ne yana da hujja: Maroko da Siriya na nan. Mai cewa gwarzo ne shi ma yana da hujja: Airaines na nan. Duka biyun rayuwar mutum ɗaya ce, ba a yanke rabi a jefar. An haife shi cikin mulkin da bai zaɓa ba, ya ga ƙofa ɗaya a buɗe ya shiga, ya yi imani cewa in ya cika kowane sharaɗi da aka gindaya, dole wata rana a auna shi da awon kowa. Ana iya cewa ya yi wa Faransa kyakkyawan zaton da ba ta cancanta ba. Amma a sa'arsa ta ƙarshe, da zai iya sunkuyar da kai ya bi sahun da aka nuna masa, ya zaɓi ya faɗa da babbar murya cewa dokar da aka rubuta domin hafsa ta shafe shi, ko fatarsa wace iri ce. Da ya yi shiru ya koma gefe, da ya amince a gaban sojojinsa 10 cewa shekara 24 na aikinsa banza ne, kuma su ma ba su da wata doka da ke kare su.

Alhazan kasuwa sun fi kowa sanin mutumin da ke da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Yakan ci riba kasuwa ɗaya ko biyu, daga nan sunansa ya ɓaci har jikokinsa. Ma'aikata kuma sun san yadda zuciya ke yi in mutum biyu suka shiga aiki rana ɗaya da takarda ɗaya, aka ɗaga ɗaya saboda garinsu, ko ƙabilarsa, ko jam'iyyarsa, aka bar ɗayan yana ƙirga shekaru. Mulkin mallaka da tiya biyu ya yi awo tun daga shigarsa har fitarsa, abin da aka yi ta ƙorafi a kai ke nan har aka kai 3 ga Agusta 1960. Duk ƙasar da ta karɓi ƴancinta sannan ta adana waccan tiya a ƙarƙashin teburin biro, ko a zauren shari'a, ko a bariki, to Baturen ne kawai ya tafi, awonsa na nan.

Wanda ke da tsohuwar takardar soja ta kakansa a ƙasan adaka, ya fito da ita, ya kakkaɓe, ya sa yaro ɗan lakwal ya karanta wa gida lambar rajimanti da sunayen garuruwan da ke ciki. Wataƙila a cikinsu akwai Somme.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba ƙasa lafiya da shugabanni masu awo ɗaya.